Kati Mai Ƙofa Ɗaya

Talata

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin rage hawan benen nan kamar yadda likita ya ce. Mu nan da sauƙi. 'Yar Baba ta warke daga tarin, ta koma makaranta.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannunmu. Duk sanda kika kira, da na ji muryarki sai kawai in ce miki lafiya lau, ki ce in yi haƙuri, mu ajiye. Takarda ba ta katse ni. Ki dai yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yau wata biyu da kwana shida da rasuwar mijina, Baban 'Yar Baba. Sai shekaranjiya na iya buɗe ƙaramin ɗakin nan nasa na bakin matakala. Komai yana nan yadda ya bar shi: teburin da ya haɗa da tsohon ƙyaure, babban rediyon, kwamfutar mai tsagaggen gefe, da wayar da ta fita ta taga ta hau rufi, wadda ta sa maƙwabta suke ce masa Mai Waya. Kofin shayinsa ma yana nan, ya bushe. Kin tuna duk Asabar da safe, kafin ya fita gyaran firij ɗin mutane, sai ya shige ɗakin ya rufe, yana hira ta rediyo da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba? Ke kika ce masa mai hira da iska, ya yi ta dariya har ya ƙware.

Na tarar da gwangwanin biskit ɗinsa cike da waɗannan 'yan na'urori da yake kira katin sauti. Ni dai ban ga abin kati a jikinsu ba, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Ana cusa shi a gefen kwamfuta, a jawo waya daga rediyo a sa masa, shi ke nan kwamfuta ta ji abin da rediyo yake ji, ta adana. Masu arha yake saye, irin na tebur a bakin titi. Yakan ce masu tsada na manya ne, kuma a cikin masu arha duk biyar akwai ɗaya mai gaskiya, aikinsa shi ne ya nemo ta. Kowanne ya manna masa takarda da rubutun hannunsa. Wannan "mai gurnani," wannan "kurma," wannan "sai a hankali." Wanda ke jikin kwamfutar ya rubuta masa "wannan ce." Na zauna a ƙasa da gwangwanin a cinyata har aka taso 'yan makaranta.

Yaya, ga abin da na kasa faɗa miki a waya. Muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskarsa tana nan, ga hotuna. Ƙamshinsa yana jikin rigunansa. Amma idan na rufe ido na ce bari in ji yadda yake kirana daga matakala, kalmomin suna zuwa, sai dai da muryata suke zuwa. Na bincika wayata kaf, babu saƙon murya ko ɗaya, kin san shi, wai saƙon murya aikin malalata ne. Na tambayi danginsa, aka turo mini wani bidiyo yana ɗauke da kujeru, bai ce uffan ba. Na aurenmu kuwa mai ɗaukar hoto ya ɗora kiɗa a kai daga farko har ƙarshe, sai dai ki ga bakinsa yana motsi.

'Yar Baba shekararta huɗu. Idan ni da na yi shekara tara ina jin sa na fara mantawa, ita fa?

Amma na tuna yana adana hirarsa ta Asabar a kwamfutar nan, ya sha faɗa mini. Ban san yadda ake buɗewa ba, kuma ina tsoron in taɓa in lalata. Na aika wa abokinsa Mai Agogo, wanda ke da shago a bayan tasha, shi ma yana wannan harka ta rediyo. Ya ce zai zo ranar Alhamis. Ki taya ni addu'a.

Ki gaishe da maigidan da yara, ki ce wa babbar ta rubuto mini ko layi biyu ne.

Taki har kullum,
Auta

Juma'a

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ina fata kowa lafiya. Na ji an ce an yi ruwa sosai a wajenku, Allah ya sa bai yi ɓarna ba.

Mai Agogo ya zo jiya da hantsi, tare da matarsa. Ita ta zauna da ni a bakin ƙofa tana riƙe da hannuna, shi ya zauna a kujerar. Ban so ganin wani a kujerar nan ba, amma na daure. Ya sa gilashinsa, ya yi 'yan danne-danne, sai ya juyo ya ce, "Kin ga aikin mutumin naki? Hira ɗari biyu da goma sha huɗu. Kowace Asabar da kwanan watanta." Na ce ya fara da ta ƙarshe.

Da farko shuu kawai ake ji, kamar ruwa na zuba a kan kwano daga nesa. Sai muryar wani dattijo ta fito, tana shiga tana fita. Ya kira waɗannan haruffa da lambobi da Baban 'Yar Baba ke amsawa da su a rediyo, ya ce, "Ɗana, ka tashi lafiya? Ya mai ɗakin taka? Har yanzu tana cewa za ta yi shanya a kan eriyarka?" Na yi dariya hawaye na zuba, don gaskiya ne, na sha faɗa. Na gane shi, tsohon direban jirgin ƙasa ne da ke can wata ƙasa mai nisa, Baban 'Yar Baba yana yawan ba ni labarinsa. Na dafe ƙirji ina jira in ji amsa.

Sai aka ji ƙas, sai shiru. Ba shirun ɗaki ba, wani siririn shii ne kamar na fitilar gas. Ya yi kusan minti ɗaya. Sai aka sake jin ƙas, ga Tsohon Direba yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Kai, Allah ya shirye ka!"

Na ce wa Mai Agogo ya mayar baya, ƙila ya tsallake. Ya mayar. Haka. Ya buɗe ta makon da ya gabace ta, haka. Ya koma ta shekara uku baya, haka. Dattijo ya yi magana, shiru, dattijo ya amsa. Na ga Mai Agogo ya cire gilashin ya ajiye, ya bi wayar da yatsa daga katin har bayan rediyon.

Ga yadda ya bayyana mini, in na fahimta daidai. Ya ce rediyon nan kamar mutum mai ladabi ne, ba ya magana yana sauraro lokaci guda. Da ka danna maɓallin magana, sai ya toshe kunnensa. Katin kuma ƙofar shigar sauti ɗaya gare shi, kuma wayar da ke ɗauko abin da rediyo ya jiyo ce a ƙofar. Saboda haka duk abin da Baban 'Yar Baba ya ji, kwamfuta ta adana. Duk abin da ya faɗa ya bi waya ya hau rufi ya tafi. Ya ce da kati mai ƙofa biyu ne, da an sa abin da yake riƙewa ya yi magana a ta biyun, an kama su duka.

Da ya ce ƙofa biyu, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Yaya, na san katin. Bara, ranar da muka je sayen takalmin makarantar 'Yar Baba, ya tsaya a wani shago ya ɗauko shi a kwalinsa, yana juya shi kamar ƙwai. Ya ce da wannan har muryarsa za ta riƙa shiga. Ni kuma rana ta dame ni, yarinya tana ja mini zani, na ce, "Wa zai so ya sake jin surutunka? Ni da nake sha kullum a gida, har sai an adana mini?" Ya yi dariya, mai shagon ya yi dariya, ya mayar da kwalin ya ce uwar gida ta yanke hukunci. Wasa nake yi. Wallahi wasa nake yi, kin san bakina.

Ban faɗa wa Mai Agogo wannan ba. Ke kaɗai na faɗa wa. Na tambaye shi ko shi ya taɓa ɗaukar muryarsa a nasa rediyon. Ya ce, "Mu da muke shan shayi a benci ɗaya, me zai sa in neme shi a iska?" Sai shi ma idonsa ya kawo ruwa, matarsa ta ce su tafi haka nan.

Kafin su fita ya nuna mini inda zan danna in saurara da kaina. Ban san ko alheri ya yi mini ba.

Ki gaida kowa. Kada ki faɗa wa Mama, hawan jininta ya ishe ta.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba

Yaya tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da rigar 'Yar Baba, ta ɗan yi mata yawa amma ta ƙi cirewa. Yaya jikin ƙaramin naki, haƙoran sun fito?

Kin ce in rufe ɗakin in ba wani makullin. Na san gaskiya kika faɗa, amma ban yi ba. Kullum in na kai yarinya makaranta na dawo, kafin in zauna a keken ɗinki, sai in shiga in saurari guda biyu ko uku. Ɗinkin mutane ya taru. Mai kantin da ke ƙasan benenmu ta aiko sau biyu a kan labulenta.

Na koyi sauraron shirun. Kada ki ce na zautu. Ba duka ɗaya ba ne. Akwai gajere, wannan amsa gaisuwa ce. Akwai mai minti huɗu, biyar, wannan na san labarin wani firij ne da mai shi, don bayan shirun sai Tsohon Direba ya ce, "To shi mai firij ɗin bai ji kunya ba?" Daga bakin dattijon nake tsintar mijina, kamar mai tsintar shinkafa a ƙasa. Ashe ya ba shi labarin ranar da na ƙone da man girki. Ashe ya faɗa masa ranar da 'Yar Baba ta fara tafiya, don na ji dattijon yana tafi. Akwai wata Asabar da ya ce, "Kai dai ka yi dace, irin wannan mace ba a kasuwa ake samunta ba." Minti biyu da rabi shirun da ya zo kafin wannan maganar. Na saurare shi ya fi sau ashirin. Minti biyu da rabi yana magana a kaina, ni ina bayan bangon nan ina wanke kwanuka, ina jin gunjinsa ta ƙyaure ban kasa kunne ba.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce ta mako uku kafin rasuwarsa. Shirun ya yi tsawo, minti bakwai. Da dattijon ya dawo bai yi dariya ba. Ya ce, "To ka faɗa mata mana. Me kake jira? Mace ba ta karanta zuciya." Sai gajeren shiru. Sai ya ce, "Ka dai faɗa mata." Daga nan suka koma maganar eriya.

Bai faɗa mini komai ba, Yaya. Na juya makonnin nan uku a kaina har na gaji. Ko ciwon ne ya fara ji a ƙirjinsa ya ɓoye? Ko wani abin daɗi ne yake shiryawa? Ko laifi na yi masa? Minti bakwai ba ƙaramar magana ba ce.

'Yar Baba takan same ni a ɗakin in ta dawo. Tana hawa cinyata. Idan dattijon ya yi shiru nakan ce mata, "Yi tsit, Baba ne ke magana." Sai ta yi tsit ta sa yatsa a baki. Ban san me ya sa nake faɗa mata haka ba.

Ga wani abu kuma. Mai gidan da muke haya ya zo, da ladabinsa, ya ce za a sauya kwanon rufi farkon wata mai zuwa, dole a sauke wayar, kuma ba ya son a mayar. Ban yi musu ba, gidansa ne.

Da na faɗa wa Mai Agogo, ya ce ai kafin a sauke akwai abu ɗaya da ya rage. Abin da ya fita ta wayar nan wani ne ya ji shi. Idan Tsohon Direba shi ma yana adanawa, to a wajensa muryar mijina ce za ta fito, tasa ce za ta zama shirun. Ba mu da lambar wayarsa, a littafin Baban 'Yar Baba haruffansa na rediyo ne kawai da lokacin da suke haɗuwa. Mai Agogo yana da takardar izinin magana a rediyo. Zai zo Asabar ƙarfe bakwai ya kira shi daga nan.

Ba na son in sa rai. Amma tun jiya nake goge teburin.

Ki gaishe mini da maigidan, ki yi masa godiyar saƙonsa.

Taki,
Auta

Asabar

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Wannan gajeriya ce.

Tsohon Direba ya amsa! Mai Agogo ya kira sau uku, a na huɗu sai ga muryar nan da na sani kamar ta kakana. Ya ɗauka mijina ne. Ya ce, "Ɗan banza, ina ka shige? Asabar goma sha ɗaya ina kira!" Mai Agogo ya dube ni, na gyaɗa kai, ya faɗa masa. Yaya, shuu ɗin nan ya daɗe. Da ya dawo muryarsa ta karye, ya yi ta addu'a, ya ce shi da ya kai tamanin yana zaune, yaro ya tafi.

Mai Agogo ya ba ni abin maganar, ya nuna mini maɓallin. Karo na farko ke nan da na riƙe shi. Gefensa ya goge daidai inda babban yatsan mijina yake zama. Na gaishe da dattijon, na faɗa masa abin da nake nema. Ya ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Mijinki da kansa ya aiko mini da katin nan ta gidan waya shekara biyu da suka wuce, ya koya mini inda zan cusa da inda zan danna. Tun ranar ban tsallake Asabar ko ɗaya ba. Ban taɓa saurara ba, don me zan saurara alhali mai maganar yana nan? Amma suna nan cif." Ya ce 'yarsa za ta kwafe su a filashi, ɗan ma'adanin nan na kwamfuta, ta aiko. Mai Agogo ya karanta masa adireshinmu sau biyu.

Shekara biyu, Yaya. Asabar ɗari. Har da ta minti bakwai ɗin.

Na so in tambaye shi a take abin da aka ce a faɗa mini, sai na fasa. Na fi so in ji daga bakin mai shi.

Na ɗinke labulen mai kanti yau. Na yi wa 'Yar Baba alkawarin za ta ji Babanta. Ki faɗa wa Mama yanzu in kin ga dama.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata ke da iyali kuna lafiya. Ki yafe mini kiranki da ban ɗauka ba kwana huɗun nan. Ina ganin sunanki, ba na iya dannawa. Lafiyar jikinmu ƙalau.

Saƙon ya iso ranar Laraba, ƙaramin ambulan, filashi a naɗe cikin auduga da takarda guda. Ban buɗe takardar ba. Na aika aka kira Mai Agogo, ya rufe shagonsa da rana tsaka ya zo da matarsa. Na yi wa 'Yar Baba wanka, na sa mata rigar da kika aiko, na zaunar da ita a cinyata.

Abin da muka fara ji ƙarar agogon bango ne, ƙas, ƙas, ƙas. Sai jan kujera. Sai tari, kusa sosai, kamar a kunnena. Can nesa wata tsohuwa tana tambaya ko ya sha maganinsa, ya ce mata ya sha, ta ce ƙarya yake. Sai muryar Tsohon Direba, garau, ba shiga ba fita, ya kira haruffan mijina ya ce, "Ɗana, ka tashi lafiya?" Na matse yarinyar har ta ce ina ji mata ciwo.

Agogo ya ci gaba da bugawa. Cokali yana kaɗa shayi. Dattijon yana cewa "uhm, uhm." Sai ya fashe da dariya ya ce, "Kai, Allah ya shirye ka!"

Mai Agogo ya buɗe ta biyu, ta goma, ta hamsin. Duk haka. Ya dafe kansa da hannu biyu. Ya ce katin yana jikin kwamfutar dattijon, babu shakka, amma cusa shi kaɗai ba ya isa. Sai an shiga an gaya wa kwamfuta ta bar ɗan kunnenta na jikinta ta koma saurare ta katin. Dattijon bai yi wannan ba, ko an faɗa masa ya manta. Yana ganin layi yana motsi a allo in ya yi magana, ya ɗauka aiki na tafiya. Shekara biyu kwamfutarsa tana ɗaukar ɗakinsa. Na ce to ai ko a ɗakin ne rediyo yana magana, ya kamata a ji. Mai Agogo ya ce dattijon kunnensa ya yi nauyi, da abin nan da ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa yake saurare. Muryar mijina ta yi tafiyar nan duka, ta tsallake ƙasashe, ta shiga kunnen tsoho ɗaya, ta tsaya a nan.

Na roƙe shi ya nemo ta minti bakwai. Ya nemo. Ya ƙure ƙarar har agogon ya zama kamar ana sara itace. A ƙarƙashinsa akwai wani abu, siriri, kamar kukan sauro a ɗaki na uku, abin da ya tsiyayo daga gefen kunnen dattijon. Yana hawa yana sauka. Yana tsayawa inda mai magana zai ja numfashi. Shi ne, na san shi ne. Amma babu kalma, babu murya, ko namiji ne ko mace ba za ki gane ba. Mai Agogo ya tafi da shi ya kwana biyu yana tacewa, ya dawo ya ce in yafe masa, abin da bai shiga ba ba ya fita.

Sai a ranar na buɗe takardar. 'Yar dattijon ce ta rubuta da bakinsa. Ya yi ta'aziyya, ya yabi mijina, ya ce yana murna zan sake jin sa. Bai sani ba. Mai Agogo ya sake kiransa shekaranjiya, Asabar ta ƙarshe kafin masu rufi. Na hana shi faɗa masa, me zai ƙara wa mai shekara tamanin? Na karɓi abin maganar na ce saƙo ya iso, na gode. Sannan na tambaye shi abin da ya ce a faɗa mini. Ya ce, "'Yata, na tuna ya yi doguwar magana ranar. Na tuna na yi masa faɗa. Amma kan nan nawa ya zama rariya. In ya dawo mini zan aiko." Na ce ba komai, Baba. Ya ce ai yana cikin filashin, in saurara da kyau. Na ce to.

Jiya masu rufi suka zo. Minti goma ba su yi ba suka sauke wayar, suka naɗe ta suka miƙo mini ta taga. Mijina kuwa wata guda ya yi yana ɗaure ta. Na sa ta a ƙarƙashin tebur tare da gwangwanin. Na ce wa Mai Agogo ya ɗauki rediyon, ya ce ba yanzu ba. Katin da aka rubuta wa "wannan ce" na bar shi a jikin kwamfutar. Ban ga laifinsa ba. Abin da aka ba shi ya riƙe, bai zubar da ko ɗaya ba.

Kin ce a takardarki in daina ɗora wa kaina maganar shagon nan. Ina ƙoƙari. Ba ta sauka.

Ɗazu da safe ina taje wa 'Yar Baba kai, malamarsu ta ce kowa ya zo da labarin babansa. Na ce mata me za ki faɗa? Ta ce Babana yana da waya har sama. Na ce to kin tuna yadda yake magana? Ta ce ta tuna mana. Na ajiye matajin. Na juyo da ita, na ce yi mini in ji, don yara sukan riƙe abin da manya suka saki. Ta gyara tsayuwa, ta sa yatsa a baki, ta ce, "Shiiiii."

Ni na koya mata. Na ce mata haka ne, na ƙarasa taje kan, na kai ta makaranta.

Yaya, ke kin san shi tun yana zuwa zance yana tsayawa a bakin ƙofarmu da kekensa. In kin tuna yadda yake gaishe ki, ba kalmomin ba, yadda suke fita, ki gwada yi mini a waya ko da ba za ki iya daidai ba. Zan ɗauka wannan karon. Ba zan yi magana ba, ke dai ki yi.

Ki gaida maigidan da yara. Ki ce wa Mama saƙon bai iso ba tukuna.

Ƙanwarki,
Auta